Yadda Ƙidayar Kifin Teku Ta Zama Sana'ar Malamai

Cikin sana'o'in da zamani ya kawo akwai wata wadda in an gaya wa mutumin da ya tashi nesa da gaɓar teku sai ya yi tsammani ba'a a ke yi masa. Ita ce ƙidayar kifi. Yaro ya kan shiga jami'a ya yi shekara uku ko huɗu ya sami digiri, sa'an nan ya ƙara shekara ɗaya ko biyu don digiri na biyu, wani ma ya ƙara wasu huɗu har a kira shi dakta, duk don ya iya gaya wa hukuma yawan kifin da ke cikin teku, da iyakar wanda za a kama bana ba tare da an rasa na baɗi ba. Malamin jangali na zamanin da aikinsa da sauƙi, gama ko makiyayi ya ɓoye shanu a kurmi, saniya dai aba ce da ido ke gani. Kifi kuwa yana ƙarƙashin ruwa mai zurfi, ba ya zama wuri ɗaya, ba shi kuma da mai shi balle a tambaya.

Asalin sana'ar nan gardama ce. Cikin 1883 aka yi wani babban taron baje kolin kayan su a birnin Landan. Wanda ya buɗe taron da jawabi shi ne Thomas Huxley, ɗaya daga cikin manyan masanan halittu na Ingila a lokacin. Ya gaya wa jama'a cewa a ganinsa manyan kifayen teku, irin su kod da herin, yawansu ya fi ƙarfin ɗan Adam, watau duk abin da masunta za su kama bai isa ya rage su ba, saboda haka kafa musu doka ɓata lokaci ne. Wani masani mai suna Ray Lankester ya ƙi yarda. Ya ce wanda ya kwashe iyaye ya kwashe 'ya'yan da za su haifa. Da aka duba kuwa, sai aka ga babu ɗayansu da ke da hujjar da za ta kashe bakin ɗan'uwansa, domin ba wanda ya taɓa aunawa. Don haka cikin 1884 aka kafa ƙungiyar masu binciken halittun teku, aka naɗa Huxley shugaba, Lankester kuwa magatakarda, cikin 1888 suka buɗe gidan bincike a garin Plymouth a bakin teku.

Ana cikin haka jiragen su masu inji suka fara maye gurbin masu tafiya da iska. Waɗannan ba su jiran iska, suna jan taru mai faɗi a ƙasan teku dare da rana. Cikin 1900 Walter Garstang ya tattara lissafin kamun kifi na shekarun baya, ya nuna cewa jirage sun ƙaru ƙwarai, amma abin da kowane jirgi ke samu raguwa ya ke yi. Tun da ya ke kifi bai san iyakar ƙasa ba, cikin 1902 ƙasashe takwas na arewacin Turai suka haɗu a Copenhagen, babban birnin Denmak, suka kafa majalisar binciken teku, wadda har yanzu tana nan tana aiki.

Mutumin da ya fi kowa aza harsashin wannan ilmi shi ne Johan Hjort, mutumin Norwe, wanda aka haifa cikin 1869. Ubansa likita ne, shi ma da karatun likita ya fara, amma ransa na wajen halittu. Sai ya tafi Jamus, jami'ar Munich, ya sami digirin dakta cikin 1892, yana ɗan shekara 23. A zamanin nan ba wata jami'a da ke koyar da ilmin kamun kifi. Mai son abin sai ya karanta ilmin dabbobi, sauran kuwa ya koya a kan jirgi, cikin sanyi da amai. Haka Hjort ya yi bayan da gwamnatin ƙasarsu ta ɗora masa binciken harkar su.

Matsalar Norwe babba ce. Ƙasa ce ta duwatsu, noma kaɗan ne, arzikin mutanen gaɓa duk a ruwa ya ke. Busasshen kifin nan mai tauri kamar itace da a ke kawowa kasuwannin Nijeriya, kod ne da a ke shanyawa a arewacin ƙasar. To, wata shekara kifi ya kan zo har a rasa inda za a sa shi, wata shekara kuwa a fita a komo hannu wofi, yunwa ta shiga gari. Yawancin mutane cewa su ke yi kifin ƙaura ya yi zuwa wani ruwa. Waɗansu kuma suka ce maganin abin shi ne a riƙa ƙyanƙyashe ƙwan kifi a gida ana zuba 'ya'yan cikin teku, aka kuwa kashe kuɗi mai yawa a kan haka. Hjort bai gamsu da ko ɗaya ba.

Dabarar ta zo masa ta inda ba a zata ba. An sa shi shirya tsarin inshora domin masunta masu haɗari a ruwa, sai ya ga yadda masu wannan aiki ke lissafin jama'a: nawa aka haifa a shekara kaza, nawa suka rage bayan shekara goma. Ya ce me zai hana a yi wa kifi haka? Abin da ya rage shi ne sanin shekarun kifi. Ashe kamɓorin jikin herin yana da zobe zobe, kowace shekara ɗaya, domin kifin ya kan yi girma da sauri lokacin zafi, ya tsaya lokacin sanyi. Makiyayin da ke duban ƙahon saniya ya faɗi shekarunta ba zai yi mamakin wannan ba. Hjort da mataimakansa, musamman Einar Lea, suka zauna da madubin ƙara girman abu, shekara da shekaru suna ƙirga zoben dubban kifaye. Sai suka tarar da abin al'ajabi. Herin ɗin da aka ƙyanƙyashe cikin 1904 sun fi na kowace shekara yawa nesa ba kusa ba, har cikin 1910 sun zama fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da aka auna, suka kuma ci gaba da rinjaye shekaru bayan haka. Watau haihuwar shekara guda ita ta ciyar da masuntan ƙasa tsawon lokaci. Cikin 1914 ya buga littafinsa, ya bayyana cewa yalwa da ƙarancin kifi sun rataya ga yawan 'ya'yan da suka tsira a kwanakinsu na farko, sa'ad da su ke neman abincin fari. Wani babban malami na Sikotlan, D'Arcy Thompson, ya daɗe yana musun wannan karatun zobe, amma daga baya gaskiyar Hjort ta tabbata.

Yaƙin duniya guda biyu sun yi gwajin da ba masanin da zai iya yi. Tsoron nakiya da jiragen yaƙi ya hana su a yawancin Tekun Arewa, tsakanin Ingila da Norwe. Da aka gama kowane yaƙi, masunta suka koma suka tarar da kifi ya yi yawa, ya yi girma. Bayan 'yan shekaru kuwa aka sake komawa gidan jiya. Daga nan maganar Huxley ta faɗi.

Michael Graham, wanda ya zama shugaban gidan binciken su na Lowestoft a Ingila cikin 1945, ya ga irin amfanin da aka yi da lissafi a wajen yaƙi, ya ƙudura a yi haka a wajen kifi. Ya ɗauki samari biyu, Raymond Beverton daga jami'ar Cambridge da Sidney Holt daga jami'ar Reading, ya haɗa su ɗaki ɗaya cikin 1947, ya ba su na'urar lissafi ta juyawa da hannu, ya ƙyale su. Wannan ɗaki shi ne ya zame musu makarantar gaba da digiri. Littafin da suka rubuta ya fito cikin 1957, shafi fiye da 500, cike da lissafi. Abin da ya nuna a taƙaice shi ne, in an faɗaɗa idon taru ƙanana su wuce su girma, aka kuma rage yawan jirage, za a iya samun kifi kamar da, ko fiye, da ƙaramar wahala. Ɗalibai a ƙasashe da yawa sun yi ta karanta shi tun daga lokacin.

Holt ya koma aiki da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya a birnin Rum cikin 1953. A farkon shekarun 1960 aka sa shi cikin masana uku da aka ɗora wa lissafin manyan dabbobin nan na teku da Turawa ke kira wel, waɗanda a ke kashewa don mansu. A kakar 1930 zuwa 1931 kaɗai an kashe fiye da 29,000 na irin mafi girma a ruwayen kudancin duniya. Masanan suka ce in ba a rage ba za su ƙare. Ƙasashe masu farautar suka yi ta jan ƙafa, sai cikin 1982 aka zartar da dakatar da farautar kasuwanci, ta fara aiki 1986. Wani abu kuma ya fito cikin 1993, bayan rushewar Tarayyar Sobiyet: ashe jiragenta sun kashe kusan 180,000 da ba su faɗa ba. Yadda aka sani kuwa, waɗansu masanan da ke cikin jiragen ne suka ɓoye takardun gaskiya shekara da shekaru, alhali an tilasta a aika da na ƙarya.

Inda sana'ar ta sha kunya mafi girma shi ne Newfoundland, tsibiri a gabashin Kanada. Turawa sun yi wajen shekara 500 suna kamun kod a can. Cikin 1954 aka fara fitowa da manyan jirage masu sarrafa kifi su daskarar da shi a cikinsu, cikin 1968 kuwa abin da aka kama na kod ɗin arewa ya kai wajen tan 810,000. Cikin 1977 Kanada ta shata mil 200 daga gaɓarta ta hana baƙi, ta ɗauki masana masu manyan digiri, ta ce yanzu za a tafiyar da abin bisa ilmi. Masanan suka yi lissafi, suka ce kifi na ƙaruwa. Ƙananan masunta na bakin gaɓa suka ce ƙarya ne, kifin da ke shiga tarkonsu ya ragu, ya kuma ƙanƙance. Aka ɗauke su jahilai. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Cikin 1986 suka roƙi waɗansu malaman jami'ar tsibirin su sake duba lissafin, malaman suka ce lalle an zuzuta yawan kifin, amma hukuma ba ta saurara ba.

Kuskuren ba mai wuyar ganewa ba ne ga wanda ya taɓa ganin tafki na ƙafewa. Sa'ad da kifi ya ragu ya kan taru wuri ɗaya, kamunsa ya yi sauƙi. Manyan jiragen nan suna da na'urar gano inda garken ya ke, saboda haka kullum su kan komo cike, masana kuwa suna ɗaukar cikar jirgi alamar cikar teku. Da suka farga cikin 1989, suka ba da shawara a rage kamu zuwa tan 125,000. Minista ya duba yawan waɗanda za su rasa aiki, ya yanke 235,000. Ran 2 ga Yuli 1992 ministan su na lokacin, John Crosbie, ɗan tsibirin, ya tsaya a birnin St. John's ya ba da sanarwar rufe kamun kod ɗin arewa na shekara biyu, masunta na dukan ƙofa daga waje. Mutum wajen 30,000 suka rasa abin yi rana ɗaya, ƙauyuka da dama suka watse.

Ko bayan haka ba a so a ji dalili. Cikin 1995 wani masanin gwamnati, Ransom Myers, ya gaya wa jarida cewa kamun da ya wuce kima ne ya kawo wannan, ba sanyin ruwa ba. Manyansa suka tsawata masa. Cikin 1997 ya bar aikin gwamnati ya koma jami'ar Dalhousie, a wannan shekara kuma Jeffrey Hutchings da abokansa biyu suka buga maƙala suna tambaya ko binciken ilmi zai yiwu a inda hukuma ke riƙe da bakin mai bincike. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, in ji Hausawa, wannan kuwa ita ce wahalar malamin da albashinsa ke fitowa daga hannun wanda zai gaya wa magana marar daɗi.

Saboda irin wannan ne karatun ya sāke kama. Ɗalibin da ya shiga digiri na biyu a fannin kiyaye teku yanzu, ban da ilmin halittu da lissafi, a kan koya masa dokokin teku, da tattalin arziki, da yadda zai zauna da masunta ya ji ta bakinsu. In ya gama ya kan sami aiki a ma'aikatar gwamnati, ko jami'a, ko hukumomin duniya, ko ƙungiyoyi masu zaman kansu, ko kula da wuraren da aka keɓe a teku aka hana su, tun ba ma da ƙasashe suka yi alkawari a Montreal cikin 2022 za su keɓe kashi 30 cikin 100 na teku kafin 2030 ba. Guraben dai ba su kai yawan masu nema ba, da yawa su kan yi shekaru suna aikin wucin gadi. Afirka ta Yamma ma tana ciki. Cikin 1975 aka kafa cibiyar binciken teku ta Nijeriya a Legas, a wannan shekara kuma Norwe ta ba da jirgin bincike mai suna Dr. Fridtjof Nansen, wanda shi da magadansa suka yi ta auna kifin gaɓar Afirka, suna ɗauke da samarin masana na ƙasashen suna koyon aikin a kan ruwa, kamar yadda Hjort ya koya.

Rufewar nan ta Newfoundland da aka ce ta shekara biyu ce, sai da ta yi shekara 32. Cikin watan Yuni 2024 gwamnatin Kanada ta sake buɗe kamun kasuwanci, ta yanke tan 18,000. Waɗansu masana suka ce an yi gaggawa, ƙananan masunta kuwa suka yi ƙorafi don an bar manyan jirage sun komo.