Jima da Zafi: Tarihin Fatar Ƙasar Hausa

A shekarar 1851, lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shiga Kano, ya tarar da fatu da takalma na cikin manyan hajojin da birnin ke fitarwa. Fatar jar akuyar Sakkwato kuwa ayari ke ratsa Sahara da ita har ta kai Turai, inda aka riƙa kiran ta fatar Maroko. Wannan ciniki ya dogara ne kan gwanintar majema wajen kare fata daga ruɓa da zafi.

Ƙarfin fata yana cikin wani sinadari da ake kira kolajin. A 1954 masanin Indiya Ramachandran da abokin aikinsa Kartha suka nuna cewa silin kolajin uku ne a murɗe, tamkar tufkar igiya. Ɗumi daidai na jiki, wato digiri 37, shi ke taimaka wa silin su haɗu su zama zaruruwa. Idan kuwa jiƙaƙƙiyar ɗanyar fata ta kai wajen digiri 65, sai tufkar ta warware, fatar ta tsuke. In an ci gaba da dafawa, sai ta yi laushi da danƙo, kamar yadda ake gani a ganda.

Majeman Kano ba su san sunan kolajin ba, amma sun san halinsa. Sukan tuge gashi da toka, sannan su jiƙa fata a ruwan bagaruwa. Sinadarin bagaruwa yana ɗaure silin kolajin da juna, don haka jemammiyar fata takan jure digiri 70 zuwa 85. Jimar zamani da sinadarin kurom, wadda Augustus Schultz ya yi wa rajista a Amurka a 1884, ta sa fata na jure tafasasshen ruwa.

Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai aka fi fitar da ɗanyar fata ta Legas. Fatar da aka shanya a ƙasa cikin rana takan ƙone, don haka jami'an dabbobi suka matsa a riƙa shanya ta a inuwa.

A yau majemi yana da abokin hamayya, wato tukunya. Daga Legas zuwa Duwala, inda ake ce wa ganda "kanda", ana babbake fatar shanu a dafa. Wadda ta sha wuta kuwa ba ta ƙara jemuwa, balle ta isa hannun baduku.