Wasiyyar Agnes Nieman da Shekarar da Ɗan Jarida Ke Komawa Aji

A 1936 wata mata mai suna Agnes Wahl Nieman ta rasu a Amurka, ta bar wa Jami'ar Harvard wasiyyar dala miliyan 1.4. Mijinta, marigayi Lucius Nieman, shi ya kafa jaridar Milwaukee Journal, kuma buƙatar Agnes ɗaya ce: a kashe dukiyar wajen ɗaga darajar aikin jarida. Yadda za a yi kuwa, ta bar wa jami'ar.

Shugaban jami'ar, James Conant, bai so buɗe sashen koyar da aikin jarida ba. Sai ya zo da wata dabara da shi kansa bai gama sakankancewa da ita ba. A ɗauko 'yan jaridar da suka riga suka goge, a raba su da ɗakin labarai tsawon shekarar karatu guda, a ba su alawus, kowa ya shiga ajin da ransa ke so. Babu jarrabawa, babu digiri. Da mutum tara aka fara a 1938. Ɗaya daga cikinsu, Louis Lyons na jaridar Boston Globe, shi ya karɓi ragamar shirin a 1939, ya riƙe ta har 1964. A hannunsa mata suka fara shiga a 1945, aka fara buga mujallar Nieman Reports a 1947, sannan aka buɗe wa 'yan ƙasashen waje ƙofa a 1951.

Wasu da tsada suka sayi wannan dama. Gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta hana ɗan jarida Lewis Nkosi fasfon zuwa shirin, ta ba shi takardar fita wadda babu dawowa a cikinta. Haka ta yi wa Nat Nakasa a 1964. A Amurka Nakasa ya rasu a 1965, yana ɗan shekara 28.

Yanzu ana ɗaukar kimanin mutum 24 duk shekara, kusan rabinsu daga wajen Amurka. Al'adar da ta fi burge ni ita ce zaman maraice da suke yi a gidansu, Lippmann House. Ɗayansu zai ciyar da sauran, sau da yawa da abincin garinsu, sannan ya miƙe ya faɗi abin da ya kawo shi wannan aiki da abin da ya sa bai bar shi ba. Mutumin da ya saba yi wa wasu tambaya, ranar nan shi ake tsarewa.

Alherin shirin ya iso har kunnen mai sauraron rediyo a Birnin Kudu da Gwaram. Sunday Dare, wanda ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya kuma yi aiki da mujallar The News da jaridar Tempo lokacin da Abacha ke farautar 'yan jarida, ya gama shekararsa a Harvard a 2001. Daga nan ya shugabanci Sashen Hausa na Muryar Amurka har 2009.

Amma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wakilin da ke nan gida. Shi ke bin babur zuwa kasuwar Sara ya ji farashin gero da riɗi, shi ke tsayawa ƙofar Asibitin Tarayya na Birnin Kudu yana jiran likita ya fito, shi ya kutsa cikin ruwa lokacin ambaliyar 2022. Ya san abin da ya faru sarai. Lokacin zama ya karanci dalilin faruwarsa ne ba shi da shi. A ba shi wata tara a Jami'ar Bayero ko Jami'ar Tarayya ta Dutse, ya zauna ajin ilimin ruwa da ƙasa ko na kasafin kuɗi, albashinsa na tafiya, kujerarsa na jiransa. Malaman suna nan, azuzuwan suna nan. Mai ɗaukar nauyi ya rage, kuma Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu kaɗai ta yaye gwamnoni da attajiran da wannan ba zai gagare su ba.