Zamanin Da Kunne Ke Saita Taimin

A motar Ford Model T da ta fito a Amurka a 1908, direba ne ke saita lokacin da filogi zai ba da wuta, da ɗan ƙarfe a jikin sitiyari. In bai jinkirta wutar ba kafin ya murɗa inji da hannu, bugun na iya karya masa hannu.

Daga baya distiributa ta karɓi aikin. Da aka fara haɗa Peugeot 504 a Kaduna a 1975, makanikai suka laƙance ta: su daidaita alamomin sarƙar taimin mai juya kamshaf, su sassauta distiributa, suna juyawa suna sauraro har ƙarar inji ta zauna. Gwaninta ce ta gaske.

Yau kwamfuta ke lissafin wutar, amma saita kamshaf yana hannun makanike.