Yaƙin Shammata da Ƙawanya

Yaƙin shammata da ƙawanya dabara ce ta soja da ke neman rusa shirin abokin gaba ta hanyar sauri, yaudara da kai farmaki inda yake da rauni. Ya bambanta da yaƙin gaba da gaba, inda ake ɓarin wuta har ɓangare ɗaya ya gaza. Manufarsa ita ce a datse wa maƙiyi hanyar guzuri da agaji, a rikita kwamandojinsa.

Asali

Dabarar tsohuwa ce, amma a ƙarni na 20 aka ƙara tsara ta a rubuce. Basil Liddell Hart na Ingila ya ƙarfafa ɓullo wa maƙiyi ta inda bai zata ba. A watan Mayu na 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tankokin Jamus suka ratsa dajin Ardennes, suka yanke rundunonin ƙawance da ke Beljiyam. John Boyd na Amurka ya jaddada cewa wanda ya riga yanke shawara da aiwatarwa shi ke juya fagen daga.

A ƙasar Hausa

Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya nuna irin wannan tsari. A Tabkin Kwatto, cikin Yuni 1804, jama'ar Shehu, galibinsu 'yan baka masu tafiya a ƙasa, ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo, suka karya dawakan Sarkin Gobir Yunfa. Amma yunƙurin farko na cin Alƙalawa, babban birnin Gobir, kai tsaye bai yi nasara ba, kuma an yi asarar malamai da dama a Tsuntsuwa.

Daga nan suka sauya salo. Suka karkata Zamfara, suka ci Birnin Kabi a 1805, suka kafa sansani a Gwandu. Waɗanda Shehu ya ba tuta kuma suka buɗe fagage a Katsina, Kano da Zazzau. Da Gobir ta rasa masu kawo mata ɗauki, Alƙalawa ta faɗi a 1808.

A zamanin yau

A garin Fada, cikin Janairu 1987, dakarun Chadi ƙarƙashin Hassan Djamous suka yi amfani da motocin Toyota masu ɗauke da makamai masu linzami, suka tarwatsa tankokin Libiya.

Iyakokinsa

Dabarar tana buƙatar sahihan bayanan sirri, wadataccen mai da ƙananan hafsoshi masu ikon yanke shawara nan take. Cin fage kuma daban yake da riƙe ƙasa, shi ya sa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kakkafa ribaɗoɗi irin su Wurno don tsare iyakoki.