Tarihin Taskace Waƙoƙin Mamman Shata

Kundin waƙoƙin Alhaji Mamman Shata Katsina ya taru ne sannu a hankali, a hannun kamfanonin faifai, gidajen rediyo, masu sayar da kaset da malaman jami'a. An haifi Shata a Musawa a 1923, ya zauna a Bakori da Funtuwa da Kano, ya kuma shafe fiye da shekara hamsin yana waƙa da kiɗan kalangu. Ya rasu a watan Yunin 1999, aka yi masa sutura a Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar.

Waƙoƙin ƙuruciyarsa, waɗanda ya yi a dandali da kasuwannin ƙauye, yawancinsu sun tafi da waɗanda suka ji su, domin babu na'urar ɗauka a wurin. Da garmaho ya shigo sai aka fara adana muryarsa, sai dai tsohon faifai yakan ɗauki kamar minti uku ne a kowane gefe. Wannan ƙunci ne babba ga mawaƙin da ya saba jan waƙa ɗaya har sai ya ga masu biki sun gamsu. Daga baya kamfanin EMI ya fitar da waƙoƙinsa a manyan faya-fayai masu ɗaukar lokaci mai tsawo. Gidan Rediyon Kaduna kuma, wanda aka buɗe a 1962, ya riƙa ɗaukarsa yana watsawa, har ɗakin ajiyarsa ya zama ɗaya daga cikin manyan rumbunan waƙoƙin.

Kaset ne ya kai Shata kowane lungu, tun daga shekarun 1970. Yankunan Magarya da Dungas na jihar Damagaram, da ke bakin iyaka da ƙasar Daura da Jigawa, sun samu rabonsu ta hanyar fatauci: wanda ya je cin kasuwar Mai'aduwa ko Maigatari yakan dawo da kaset a aljihu, mai shago ya kwafe shi ya sayar wa wasu. Da yawa daga cikin waɗannan kaset-kaset babu kwanan wata a jikinsu, babu sunan wurin da aka yi wasan, wani lokaci ma mai shagon ne ke raɗa wa waƙar suna da bakin biro. Duk da haka su ne suka tsare wasannin biki da na naɗin sarauta da kamfani bai taɓa ɗauka ba.

A nan ne wahalar tattarawa take. Shata ba ya rubuta waƙa, nan take yake shirya ta a gaban jama'a, 'yan amshi suna riƙe masa gindinta. Saboda haka waƙa ɗaya takan fito da fuskoki da dama. Bakandamiya, wadda ya yi wa kansa kirari a cikinta, ya rera ta sau da yawa, kowane ɗauka da abin da ya ƙara ko ya rage, kuma mai tattarawa na gaskiya dole ya ajiye kowanne da matsayinsa. Waƙoƙin da suka danganci wani abu sananne sun fi sauƙin sanya wa lokaci, kamar ta Kumbo Apollo 11, wadda ta biyo bayan saukar Amurkawa a duniyar wata a 1969.

Malamai sun shigo aikin tun yana raye. Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiana ta Amurka a 1975, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta ba mawaƙin digirin girmamawa na Dakta a 1988. Bayan rasuwarsa, a 2006, littafin Shata Ikon Allah! ya fito, wanda Ibrahim Sheme ya jagoranci rubutawa tare da Yusuf Tijjani Albasu, Aliyu Ibrahim Ƙanƙara da Ali Malami. Ƙanƙara ya ci gaba da bin tsofaffin makaɗa da masu ajiyar kaset, yana rubuce matanin waƙoƙin da tarihin mutanen da aka yi wa su.

Yau yawancin masu sauraro a waya suke jin Shata, daga katin memori da ake turawa a kasuwa ko daga YouTube. Abin da ake turawar kuwa daga tsofaffin faya-fayai da kaset aka kwafo shi, har da ƙarar zaren da ya tsufa.