Babbar riga mai aska: tufar fada da ta haɗa Kano da Fezzan

Babbar riga ita ce tufar girma ta sarakuna, hakimai, malamai da attajirai a ƙasar Hausa. Darajarta na ga aikin allura da ake yi mata a wuya, ƙirji, aljihu da baya. Fitattun zane-zanenta su ne aska biyu da aska takwas, masu kama da tsinin wuƙa, sai tambari mai zagaye.

Yadda ake yin ta

Riga ɗaya takan bi ta hannu da yawa. Mata su kaɗa zare, masaƙa su saƙa fatala siri-siri, a rina da baba, maɗinki ya haɗa. Daga nan mai zane, galibi malami, ya fitar da fasalin aikin, masu ɗinkin hannu su cika shi, abin da kan ɗauki watanni. A ƙarshe sai masu bugu su fito da ƙyallinta. Kano, Zariya da Bida sun yi suna a wannan sana'a.

Hanyar Fezzan

Zaren aikin iri biyu ne ya fi tsada: tsamiya, wato silikin daji na gida, da alharini, jan siliki da ke zuwa daga Turai ta Tarabulus. Ayarin raƙuma ne ke ratsa hamada da shi ta Gadamas da Gat, ko ta Murzuk, cibiyar Fezzan kafin Sabha ta karɓi wannan matsayi. Su kuma su koma da kayan Kano. Heinrich Barth, Bajamushen da ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafinta na kaiwa Murzuk, Gat da Tarabulus, ya kuma ƙiyasta cinikinsu a waje da wuri miliyan 300 a shekara. Alkyabbar da ake yafa wa sarki ranar naɗi ma asalinta daga Arewacin Afirka ne.

Wannan fatauci ya durƙushe bayan 1911, shekarar da Italiya ta mamaye Tarabulus, layin dogo kuma ya iso Kano.

Halin da ake ciki

A Faransa, rigunan fada masu adon siliki na ƙarni na 18 sun koma gidajen tarihi. Babbar riga kuwa har gobe ana sa ta ranar sallah, naɗin sarauta da ɗaurin aure, daga Katsina zuwa Maraɗi da Damagaram. Sai dai shadda ta maye gurbin saƙi, ɗinkin keke kuma ya fi na hannu arha da sauri. Mai tsohuwar riga ta gado ya adana ta, domin masu iya irin aikinta raguwa suke yi.