Karatun Bakin Ruwa: Taron Ibadan na 1950

'Yan uwa, tun da aiki ya dawo da ni Abhur, can arewacin Jidda, na saba da zama bakin ruwa bayan la'asar da littafi a hannu. Wannan karon My Life ne na Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya fito a 1962, da wasu littattafai kan tsarin mulkin Najeriya da wani ɗan garinmu ya taho mini da su da ya zo Umara.

Taron Ibadan na Janairun 1950 shi ya fi tsaya mini a rai. Tsarin Richards na 1946 ya sha suka domin an tsara shi ba a shawarci 'yan ƙasa ba. Gwamna Macpherson sai ya sauya salo: a 1949 aka bi ƙauyuka da gundumomi da larduna ana tambayar jama'a irin mulkin da suke so. Ko talaka ya iya buɗe baki a gaban hakimi, wannan wata magana ce, amma dai an tambaya. Tsarin 1999 da muke kai yau kuwa, dokar soja ce ta kafa shi a ƙarshen mulkin Janar Abdulsalami.

A Ibadan an kai ruwa rana kan rabon kujerun majalisar tsakiya. Sarkin Zazzau Ja'afaru ya ce in ba a ba Arewa rabin kujerun ba, za ta nemi a raba ta da Kudu, a koma yadda ake kafin 1914. Sarkin Katsina Usman Nagogo ya mara masa baya. Da tsarin 1951 ya fito, Arewa ta sami 68, Gabas 34, Yamma 34. A ganina, duk mai muhawarar sake fasalin ƙasa da bai san wannan ciniki ba, daga tsakiya ya tsinci zancen.

Tsarin bai yi ƙarko ba. A 1953 Anthony Enahoro ya nemi mulkin kai a 1956, Sardauna ya ce sai an shirya, aka yi wa wakilan Arewa ihu a Legas, a watan Mayu rikici ya ɓarke a Kano. Wannan ya haifi tsarin tarayya na Lyttelton a 1954.

Littattafan suna wurin sakataren reshenmu na Jidda. Mai so ya ara, amma don Allah a dawo da su.